Ƙeyar Alhaji Mukhtari

Yaran da suka buɗe shagunan aski a bakin Ƙofar Mazugal suna da kirki, ba na ƙin su. In na wuce sukan ce, "Baba Wanzam, a sa mana albarka." Amma ran nan na ji ɗayansu yana cewa mako biyu ya isa mutum ya koyi aski, tunda kilifa ce ke yin aikin. To, ku nake yi wa wannan bayanin, kai da ka faɗa da ku da kuka yi dariya. Tambayata ɗaya ce. Mutumin ƙarshe da ya tashi daga kujerarka, yaya fatar ƙeyarsa take? Na san ba ka duba ba. Idonka yana kan madubi, rabin hankalinka kuma yana kan waya.

Ni Uba, shekara uku na yi ina bin Babana, Allah ya jiƙansa, ban taɓa kan mutum ba. Shekarar farko zabira na ɗauka, na kuma koyi washi. Za ka zauna da dutse da ɗigon ruwa kana jan aska har sai ta daina ƙara ta koma shuu, sannan ka goge ta a fata. Shekara ta biyu ya ba ni duma, ya shafa masa sabulun salo, ya ce in aske kumfar ba tare da na karce duman ba. Na ɓata duma ya fi a ƙirga, har mahaifiyata ta fara ɓoye nata. Shekara ta uku kuwa aikina tsayuwa ne a bayansa. Da mutum ya sa hularsa ya tafi, sai Baba ya juyo ya ce, "Me ka gani?" In na ce kai na gani, sai in ji fatar goge aska a gwiwata. So yake in ce na ga ƙurji a bayan kunnen hagu, ko makero ya fara tsirowa, ko tawadar Allah da ta ƙara girma a kan yadda take watan jiya. Yakan ce mutum yana ganin fuskarsa, yana ganin tafin ƙafarsa in ya naɗo ta, amma ƙeyarsa har ya koma ga Allah ba zai gan ta ba. Duk wanda ya cire hula ya juya maka baya, ajiya ya ba ka.

Zabirar da ya bar min tana nan. Akwai dutsen washi da ya lotsa a tsakiya saboda aiki, da fata, da almakashi, da ƙahoni shida na sa, da jijiyar da ake taunawa a toshe bakin ƙaho in an zuƙe iska. Akwai 'yar tsaga, ƙaramar askar da ake tsattsaga fata da ita kafin a mayar da ƙaho. Sai uwa uba, askar Baba. Wani maƙeri ne ya ƙera wa kakana ita, ƙotarta ta baƙin ƙaho, bakinta ya sirance don yawan washi. Ban taɓa riƙe ƙarfe mai biyayya irinta ba. In ka ɗora ta a ka, mutum barci yake fara ji.

Aikin Juma'a a zauren Alhaji Mukhtari na Zaitawa shi ne babban aikin gidanmu. Kakansa daga hamada ya zo da fatauci ya zauna a birni, kuma tun zuwansa kakana ne wanzaminsa. Babana ya gaji uban Alhaji, ni na gaji Alhaji. Duk jaririn da aka haifa a gidan nan, hannun gidanmu ne ya yi masa askin suna. Alhaji turare yake sayarwa da jajayen dara, dogo ne, fari, ba shi da jiki, kuma bakinsa ba ya rabo da tsokana. Da hantsi nake zuwa, in tarar an shimfiɗa darduma, butar shayi tana kan gawayi, ga alkaki a faranti. Su uku ne kullum. Alhaji, sai amininsa Malam Inuwa mai koyarwa a Islamiyya, sai Alhaji Ɗan'azumi baduku daga unguwarmu Dukawuya. Alhaji nake fara yi wa, sai Malam, sai Ɗan'azumi. In na koma gida in gyara nawa gemun da askar, in tafi masallaci.

Da aka fara yekuwa a rediyo cewa kowane kai da rezarsa, ban yi gardama ba. Na sayi ƙotar ƙarfe da ake sa wa rabin reza, na sayi kwali guda. Mai dako ya zo, in ɓare masa sabuwa. Mai facin taya ya zo, in ɓare masa sabuwa. Ranar Juma'a na isa zaure na fito da ita, Alhaji ya dube ta, ya dube ni.

"Wanzam, wannan abar yankan farcen za ka ɗora min a ka?"

"Alhaji, haka aka ce a rediyo."

"Rediyo ce ta yi wa kakana aski? Kakana da askar nan aka yi masa, ubana ma haka. Ni ne zan koma na reza kamar wanda ba shi da wanzami? Mayar da abarka aljihu."

Malam Inuwa da Ɗan'azumi suka yi dariya, suka ce su ma ba za a raba su da Alhaji ba. Ba zan ɓoye muku ba, maganar ta yi min daɗi. An yabi askar ubana a gaban mutane. Daga ranar nan sai aikina ya rabu biyu, talaka ya samu sabuwar reza, manyan da nake jin nauyinsu suka samu tsohuwar aska. A ganina girmamawa ce. Tsakanin kai da kai nakan goge ta da tsumma, in ɗauraye da ruwan zafi, ina ganin na yi tsafta. Alhali babu askin tas da ba ya barin ɗan ɗigon jini, ko ido bai gan shi ba. Farkon bazara kuma in yi musu ƙaho a gadon baya, su ukun a jere, da 'yar tsaga ɗaya. Haka muka yi shekaru. A cikinsu Ɗan'azumi ya rasu. Ciwon suga ya fara kama shi, daga baya cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi ɗorawa. Aka ce shawara ce, aka yi masa addu'a, zaure ya koma mutum biyu.

Wata Juma'a na jiƙa kan Alhaji, na sa sabulu, na sunkuyar da shi don in bi ƙeya. Sai na ga fatar wurin, daga gindin gashi zuwa inda wuyan riga yake zama, ta yi duhu ta yi kauri. Na shafa da babban yatsa, na ji ta lumus kamar karammiski. Na ɗauka dauɗa ce. To ta yaya za ka ce wa mutumin da ko tabarmarsa ƙamshi take yi ƙeyarsa da dauɗa? Sai na ƙara sabulu, na dirza. Na sake dirzawa.

"Wanzam," in ji Alhaji, kansa a sunkuye, "aski kake ko jima?"

Abin bai fita ba. Da Malam Inuwa ya zauna na duba tasa, sai ga irinta, ba ta kai ta Alhaji duhu ba, amma ita ce. Na san wannan fatar a wuyan masu ƙiba, na sha ganinta. Malam Inuwa kuwa siriri ne kamar sillen kara, yana azumin Litinin da Alhamis, shayinsa ma ba ya sa masa suga. Na riƙe abin a raina. Bayan wata biyu na yi musu ƙaho. Tsagar ƙaho kwana uku take ta bushe. Ta Alhaji sai da ta kwana goma sha huɗu tana ɗanya. Nan na san maganar ta wuce sabulu.

Alhaji yana da 'ya, Halima, likita ce a wani asibiti a cikin gari. Ni na yi mata askin suna, kuma ina tuna ko kuka ba ta yi ba, ido kawai ta zuba min. Ranar Juma'a take zuwa gaida iyayenta. Na naɗe zabira na tsaya a ƙofar gida har ta iso.

"Likita, ina da magana, amma ta wanzamai ce."

"Baba Wanzam, ai ku ne likitocin farko. Ina jin ka."

Na gaya mata abin da na gani a ƙeya biyu, da tsagar da ta ƙi bushewa. Wani da ya yi karatunta da murmushi zai yi ya sallame ni. Ita sai da ta tambaye ni tun yaushe, da faɗin wurin, da ko yana ƙaiƙayi. Ta shiga zaure ta ce, "Abba, hularka ta karkace," ta zaga bayansa tana gyara masa. Ina kallonta daga waje. Ta daɗe a bayan nan fiye da yadda gyaran hula yake buƙata. Washegari ta kwashe su biyun zuwa gwajin jini.

Gwaji ya nuna Alhaji yana da ciwon suga sosai, Malam Inuwa kuma nasa ya fara hawa. Nan da nan gida ya yanke hukunci. Aka ce shayi ne da alkaki, Hajiya ta kulle gwangwanin suga a ɗakinta, Alhaji ya yi ta mita. Da a wurin wani ne, da magana ta ƙare a nan. Halima kuwa Malam Inuwa ne ya tsaya mata a rai. Mutumin da ba ƙiba, ba zaƙi, babu mai suga a danginsa, me ya kai shi? Ta sa aka duba hantarsu, ta ga alamar ba lafiya ba. Ta sa aka ƙara wani gwajin, sannan wani. Su biyun duka suna ɗauke da ciwon hanta nau'in C, kuma ga alama ya daɗe.

Da kanta ta zo rumfata a Dukawuya, da safe, ta cire takalmi ta zauna a gefen tabarma. Na ce ta hau kujera, ta ce a'a. Na tambaye ta abin da ya haɗa hanta da suga, don ni a sanina kowa gidansa daban.

Ta ce, "Baba Wanzam, akwai wani sinadari da jiki yake yi, sunansa insulin. Aikinsa iso. In ka ci tuwo ya zama suga a cikin jini, shi ne yake yi wa sugan iso ya shiga tsoka da hanta a yi amfani da shi. To wannan ƙwayar cutar in ta zauna a hanta shekara da shekaru, ba ciwo ba zazzaɓi, takan sa mutanen gidan su daina jin sallama. Mai iso yana ta sallama, ba a amsawa. Sai jiki ya ƙaro masu iso, ya ƙaro, har su yi yawa a jini. Yawan nan nasu shi ne yake sa fatar ƙeya ta yi duhun da ka gani. In aka daɗe a haka jiki ya gaji, suga ya rasa wurin shiga ya taru a jini, shi ne ciwon suga."

"Ashe duk mai irin wannan ƙeyar hantarsa ce?"

"A'a, kar ka ɗauka haka. Yawanci ƙiba ce take kawo ta. Kuma ba duk mai ciwon hanta ne yake yin suga ba. Amma in ka ga siriri irin Malam da ita, dole a tambayi dalili. Abin tsoron shi ne in suka haɗu suna taya juna ɓarna. Hanta ta hana suga shiga, sugan kuma ya sa hantar ta tara kitse ta yi saurin lalacewa."

Na ce to ta ina cutar take shiga mutum. Ta ce ba ta abinci ba, ba ta musabaha ba, ko kwano ɗaya kuke ci ba komai. Jini ne zuwa jini. Allurar da aka yi wa wani aka sake yi wa wani, ko ƙarin jinin da ba a tantance ba. Ba ta ce aska ba. Idonta ne kawai ya sauka a kan zabirar da ke rataye a jikin ginshiƙi. Ni na ƙarasa mata da bakina. Na gaya mata zancen reza, da layin Juma'a, da 'yar tsaga ɗaya. Ina cikin faɗa Ɗan'azumi ya faɗo min a rai, da sugansa, da kumburin cikinsa, da idonsa. Shi ba a gwada shi ba, Allah ne masani, amma har yau in na wuce ƙofar gidansa sai na ji abin a ƙirjina.

"Ba zan rantse askar ce ba," in ji ta. "Abba ya sha allurai a kemis tun yana saurayi. Ba wanda zai iya cewa daga wa ta fara. Amma hanya ce, kuma a buɗe take." Sai ta dube ni. "Baba Wanzam, kai wa yake duba maka ƙeya?"

Shekara arba'in ina wannan sana'a ba a taɓa yi min tambayar nan ba.

"Cire hular."

Na cire, na juya. Yarinyar da na riƙe kanta a tafin hannuna tana kwana bakwai ta tsaya a bayana. Na ji yatsanta a wurin. Ta ce, "Gobe kar ka karya, ka same ni a asibiti." Gwaji ya nuna ni ma ina ɗauke da ciwon hantar.

Aikin da ya fi kowane wuya a rayuwata ba da aska na yi shi ba. Halima ta ce duk wanda askar Baba ko 'yar tsaga ta taɓa a shekarun nan, ya kamata a gwada shi, domin yanzu akwai magani, kuma wanda bai sani ba hantarsa tana ci gaba da lalacewa yana zaune. Ba na rubutu, amma kawunan suna cikin kaina. Mutum goma sha ɗaya na lissafa mata, duk dattawa, duk masu zaure. Na koma gida na yi kwana uku ban fita ba. Gaskiya so na yi in yi shiru. In na je na faɗa, wa zai sake cire min hula? Rana ta huɗu Malam Inuwa ya yi sallama da lemarsa a hammata.

"Wanzam, tashi mu je."

"Malam, da wane bakin zan faɗa?"

"Da wanda ka faɗa wa Halima. Kai ne mai bayani, ni ne shaida."

Ban taɓa ganin mutum irin Malam Inuwa ba. Shi aka cuta, in dai cutar ce, amma shi ya shige gaba. Duk zauren da muka shiga, bayan gaisuwa sai ya cire hularsa, malami guda, ya juya wa maigidan baya ya ce, "Dubi nan. Wanzam ne ya gano min, ba don shi ba da ina nan ina ɗora wa shayin Alhaji laifi." Sannan ya bar ni in faɗi sauran. Wasu suka yi godiya suka je gwaji, aka samu mutum biyu da ita. Wani ya saurare mu har ƙarshe, ya miƙe ya shige gida. Kafin wata ya ƙare magana ta zaga unguwa, ta kuma canza kama a hanya. Aka ce askar Wanzam tana sa ciwon suga. Har masu dakon da ban taɓa yi musu da komai ba sai sabuwar reza suka ɗauke ƙafa.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Juma'ar da ta biyo na ɗauki zabira zuwa Zaitawa, na tarar da Sadiƙu, babban ɗan Alhaji, a tsaye a ƙofar zaure. Shi ma ni na yi masa askin suna, ni na yi masa kaciya. Bai ɗaga murya ba.

"Malam Uba, an gode da abin da aka yi a baya. Abba ba ya buƙatar aski."

Malam Uba. Yaron da tun da ya iya magana Baba Wanzam yake ce min. Na ce Allah ya ba Alhaji lafiya, na juya. Ban ga laifinsa ba, ubansa ne. Amma igiyar da kakana ya ƙulla ta tsinke a hannuna, kuma abin ya yi min ciwo ƙwarai. A shekarar an yi suna uku a dangin Alhaji, ina jin labari a bakin mutane. Alhaji bai aiko ba, ni ma ban je ba. Nakan hango shi daga nesa a masallaci, furfura tana leƙowa ta ƙarƙashin dararsa, sai in kawar da kai.

Maganin ƙwaya ɗaya ce kullum, wata uku. Na sha nawa ban tsallake ko rana ɗaya ba. Bayan wasu watanni aka sake gwaji, Halima ta ce ƙwayar cutar ta tafi, tawa da ta Malam da ta Alhaji. Abin da ya ba ni mamaki shi ne sugan. Malam Inuwa an ɗora shi a kan maganin suga tun farko. A wata na biyu da fara maganin hanta, yana cikin darasi sai jiri ya kwashe shi, gumi mai sanyi ya keto masa. Aka kira Halima, ta auna, ta ce mutanen gidan ne suka fara jin sallama, maganin ya yi masa yawa. Ta rage, daga baya ta tsayar gaba ɗaya. Ta kuma ja mana kunne cewa kar wanda ya rage magani da kansa. Na Alhaji ya riga ya zauna, bai tafi ba, amma ya sauko ya zama mai jin magana. Tawa ƙeyar kuwa maiɗakina ce take ba ni labarinta, ta ce tana washewa a hankali.

Halima ta gaya min wannan nau'in ba shi da allurar rigakafi, kuma wanda ya warke yana iya sake kamuwa. Don haka askar Baba na shafa mata mai, na naɗe ta a ƙyalle, na sa ta a ƙasan zabira tare da 'yar tsaga da ƙahonin. Ba ta sake taɓa fatar mutum ba. Ƙaho yanzu da kofunan roba nake yi, kowa da nasa, da safar hannu. Ku ma da kuke taƙama da kilifa, haƙoranta suna karce fata. Wannan ɗan fesa spirit ɗin da kuke yi kuna hira ba tsafta ba ce. Ku je ku tambayi masu ilimin yadda ake yi, kuma babba da yaro, mai kuɗi da mai dako, ku yi musu iri ɗaya.

Shekara ta zagayo, matar Sadiƙu ta haifi ɗa namiji. Na ji labari, na kuma ji an ce ya yi magana da wani shago za a turo mai aski. Ranar suna da safe ina zaune a rumfa ina washin almakashi, don kar hannu ya zauna haka, sai na ji ƙarar sanda a ƙasa. Alhaji Mukhtari ne, da babbar riga, a ƙafa tun daga Zaitawa.

"Wanzam, ɗauko zabira."

"Alhaji, Sadiƙu ya ce..."

"Ni na haifi Sadiƙu ko shi ya haife ni? Ɗauko, ƙafata ba ta son tsayuwa."

Muka isa an gama raɗa suna, ƙofar gida cike da jama'a, ana raba goro da dabino. Da aka gan ni hira ta ragu. Sadiƙu yana tsaye a bakin zaure, ya dubi ubansa, ya dube ni. Alhaji ya tsaya a tsakiyar tabarmi ya ɗaga sandarsa.

"Jama'a, ku ba ni kunne. Mutumin nan shekarun baya ya kawo min sabuwar reza har zaurena. Ni na ƙi. Na ce abar yankan farce ce, Malam Inuwa ga shi nan, yana wurin. In akwai laifi, girman kaina ne a gaba. Kuma shi ya ga abin da ni ba zan taɓa gani a jikina ba, ya faɗa, alhali ya san abin da faɗar za ta jawo masa. Na yi shiru shekara guda don ina jin kunyarsa. Yau na gaji da kunyar."

Ya zauna a kan tabarma a gaban kowa, ya cire dara. Gashi ya taru fari fat, har ya rufe kunne. Ashe tun askin ƙarshe da na yi masa bai bar kowa ya taɓa kansa ba. Ya juya min baya ya sunkuya.

Na wanke hannu, na ɗaga reza a takardarta don kowa ya gani, na ɓare. Na jiƙa kan, na sa sabulu, na fara daga goshi kamar yadda Baba ya koya min. Da na iso ƙeya na share kumfa na tsaya.

"Me ka gani?" in ji Alhaji.

Tambayar Babana ce, a bakin wani.

"Ta washe, Alhaji. Saura kaɗan daga gefen dama."

"To ka ci gaba da duba min."

Ban ga lokacin da Sadiƙu ya shiga gida ba. Na ɗago kawai na gan shi yana fitowa da jaririn a naɗe cikin farin zane. Bai ba wata tsohuwa ta miƙo ba, da kansa ya ɗauko. Ya zo gabana ya durƙusa har ƙasa.

"Baba Wanzam, ga shi."

Na ajiye rezar da na yi wa kakan jaririn aski da ita, na ɓare sabuwa.